Koren Layin Gwada-ka-gani

Rigimar da har gobe ake yi wa Gwada-ka-gani dariya a kanta, da bakinsa ya jawo ta, kamar yadda ya saba jawo komai. Su uku ne editoci a shagon tace bidiyo da ke saman bene: shi, da wani babba da ake kira Tumbi saboda dalilin da ido ke gani, da wata budurwa, 'Yar Gayu. Su biyun suna aiki da manhajar da kowane edita ya sani, wadda suke kira Giwa don nauyinta. Da ka buɗe ta fankar kwamfuta za ta hau kuka kamar za ta tashi sama. Shi kuwa gogan ya je ya tono wata manhaja mai hoton ƙadangare, wadda ko masu gyaran kwamfuta ba su taɓa jin sunanta ba.

"Yaya, wallahi gwada ka gani," in ji shi ran nan, kalmar da ta zame masa suna. "Ba nauyi, ba daskarewa."

"To na ji," in ji Tumbi. "In ta birkice maka ana tsakiyar aiki, wa za ka tambaya?"

"Muna da dandali a intanet. Cike yake da masana."

"Buɗe mu gaisa da su."

Ya buɗe. Tambaya ɗaya ce tal a ciki, tun bara take zaune: sauti ya ɓace, don Allah a taimaka. Tumbi ya gyara tabarau, ya leƙa hoton mai tambayar.

"Af! Wannan ba kai ba ne da hularka mai lanƙwasa?"

A ƙasa akwai amsa guda: ni ma haka take yi mini. Gwada ya nuna ta da yatsa, wai ga shaida ba shi kaɗai ba ne. 'Yar Gayu ta matso ta duba, ta dafe ƙirji.

"Wayyo! Ai wannan hoton matarka ne!"

Da wayar matar tasa ya amsa wa kansa, don kada tambayar ta kwana ita kaɗai. Ranar ko sallama bai yi ba ya sauka daga benen.

Halinsa ke nan tun yana ƙarami. Ɗan tela ne, a kan teburin yanka ya tashi, kuma ubansa ya sha cewa yaron nan yana da hannun yanka amma ba ya da kunnen jin magana. Duk abin da jama'a suka yi wa caa, shi ya tsane shi. Wayarsa babu mai cajarta a unguwa. Babur ɗinsa, in ya lalace, makanikai sukan taru su kewaye shi suna kallo kamar an kawo baƙon tsuntsu. Matarsa ma takan ce, "Baban yara, ni dai na san da a ce ina da masoya da yawa da ba ka aure ni ba." Sai ya ce ai abu mai kyau ɓoye yake. Sai ta ce to ya ɓoye bakinsa.

Tsakaninsa da Giwa kuwa gaba ce mai tarihi. Ta taɓa daskarewa ta haɗiye masa aikin da ya gama, ya miƙe a tsakiyar ɗaki ya rantse a gaban kowa cewa hannunsa da ita har abada. Shi kuma mutum ne da ya fi son ya kwana da yunwa da a ce ya janye magana.

Ana nan sai zazzaɓi ya kayar da shi. Kwastoma ya zo karɓar bidiyonsa, aikin bai ƙarasa ba, kuma duk ɗakin babu wanda ya san inda ake kama Ƙadangare. Tumbi ya danna nan, hoto ya kife. 'Yar Gayu ta danna can, mutane suka koma shuɗaye. Hajiya mai shago ta sha zagin da ba ta sha ba tun tana makaranta. Da ya warke ta tare shi a bakin ƙofa.

"Sannu da jiki. Saurara. Daga ƙarshen watan nan manhaja ɗaya nake so a ɗakin nan. Ko su dawo taka, ko ka koma tasu."

"Hajiya, na rantse fa."

"To ka ɗauki rantsuwarka ku sauka bene tare."

Ga yara a makaranta, ga rantsuwa a wuya. Sai Gwada ya shiga wa'azi. Ya liƙa hoton ƙadangare a jikin butar shayi. Ya bi Tumbi har bakin banɗaki yana bayani ta bayan ƙofa. Da ya ga baki bai yi ba, ya tara su ya ce yau za su ga abin mamaki.

Wanda bai san aikin ba, ga yadda yake: in edita ya gama yanke-yanke da haɗe-haɗe, sai ya ba kwamfuta umarni ta fitar da bidiyon. Nan wani koren layi zai bayyana yana jan ciki daga hagu zuwa dama, kuma ba a taɓa na'urar sai ya cika. Layin Giwa kan ɗauki rabin yini. Gwada ya ɗora ruwan shayi, ya danna, kafin ruwan ya tafasa Ƙadangare ta gama. Ya juyo yana washe baki, yana jiran tafi.

Ba wanda ya tafa, kamar an zo ta'aziyya. Tumbi ya dubi 'Yar Gayu, ita ta dubi farcenta.

"Allah Ya kiyaye," in ji Tumbi a hankali, ya juya kujerarsa.

Gwada ya koma gida ya rasa gane kansa. Ya ba matarsa labari tana ninke kaya.

"Tsaya," ta ce. "Shi layin nan, in yana tafiya, me suke yi?"

Ya shiga tunowa. Tumbi kan cire takalmi ya rufe fuska da hula. 'Yar Gayu kan fita baranda ta kira saurayinta su yi faɗa su shirya. Hajiya in ta leƙo ta ga kore a fuskar kwamfuta, sai ta koma da sanɗa, har tana hana mutane tari. Shi kaɗai ne ba ya da layi, shi ya sa duk aikin da ya shigo a teburinsa ake jibgewa.

"Kai dai Allah Ya shirye ka," in ji matar. "Mutane suna da inuwa guda a duniya, ka zo musu da gatari, kana jiran su gode."

Da wani ne da sai ya haƙura. Shi kuwa ya zauna ya yi abin da ya iya: ya haɗa bidiyon koren layi. Ba na wasa ba. Layin yana tafiya, ya tsaya kamar ya gaji, ya ɗan ja da baya don mai kallo ya tsorata, ya sake rarrafawa. Har kukan fanka ya naɗa ya sa a ƙasa. Washegari ya ja kujera kusa da Tumbi.

"Yaya, ka gama aikinka da Ƙadangare, ta fitar maka kafin ka yi hamma. Sai ka kunna wannan ya cika fuska. Aiki na aljihu, barci na ido."

Tumbi ya kalli layin yana jan ciki, idonsa ya kawo ruwa. "Ƙanena," ya ce, "ashe kana da hankali ka ɓoye mana?"

'Yar Gayu ta nemi a yi mata mai tsawo, don saurayin nata ba ya saurin ba da haƙuri. Kafin wata ya ƙare duk ɗakin ya koma Ƙadangare. Dandalin intanet ya samu sababbin masana biyu. Aiki ya daina makara, Hajiya ta daina shan zagi, har ta fara kiran Gwada ɗana.

Sai dai edita edita ne. Mutumin da ya saba duk abin da ya fito daga hannunsa sai ya sa masa sunansa a ƙarshe, hannun ba ya tambayar kai. Kuma babu wanda ya lura, domin kullum sukan kashe bidiyon kafin ya kai can.

Ran da abin ya fashe, wani shugaban makaranta ne ya zo karɓar bidiyon yaye ɗalibansa da wuri. Aikin yana kwamfutar Tumbi, an gama shi tun safe, amma Tumbi ya kunna layinsa ya sauka wajen mai aski. Hajiya ta hau da baƙon, ta ga kore ya kusa cika.

"Ranka ya daɗe, zauna, yanzu zai fito. Kada dai a taɓa teburin."

Suka zauna gefe da gefe suna kallo. Layin ya tsaya, shugaban ya riƙe numfashi. Ya ja da baya, Hajiya ta hau salati. Gwada yana can kusurwa yana neman hanyar da zai kai ga kwamfutar, Hajiya ta dalla masa harara ya zauna. Layin ya cika. Fuska ta yi baƙi a hankali, wani kiɗa mai taushi ya tashi, rubutu ya taso daga ƙasa da ruwan zinare: Tsarawa da tacewa, Gwada-ka-gani. Har da lambar waya, don masu son irinsa.

Daidai nan Tumbi ya shigo da sabon aski, ya ga abin da ke fuska, ya juya zai koma.

"Dawo nan!" in ji Hajiya.

'Yar Gayu ce ta yi dabarar miƙa wa shugaban bidiyonsa a filashi ta raka shi ƙasa, yana tafe yana tambaya ko shi ma za a iya yi wa ofishinsa irin wannan layin. Sannan aka rufe ƙofa, ruwan faɗa ya sauko. Hajiya ta ce manhajar maƙaryata ce, yau ɗin nan za a goge ta, a dawo da Giwa, wanda rantsuwa ta hana shi ga bene nan. Tumbi ya rantse shi bai ma san bidiyo ne ba. Gwada ya ce a duba, tun da aka koma Ƙadangare wane aiki ne ya makara? Ta ce ba wannan ta tambaye shi ba. Ya ce layin Giwa gaskiya ne amma aikin sai jibi, nasa ƙarya ne amma aikin na hannu. Ta ce ya rufe mata baki.

Har yau Ƙadangare ce a shagon, Gwada na nan a kusurwarsa, kuma hutun rana ya zama doka ba sai an kunna komai ba. Abin da ya kawo haka bai wuce amsar da ya ba tambayar ƙarshe da Hajiya ta yi masa ba, tana huci, hannu a ƙugu.

"Ni za ka zaunar a gaban baƙo ina kallon ƙarya kamar sakarya? Me za ka ce mini?"

"Hajiya," in ji shi, "shekara da shekaru muna tace bidiyo a ɗakin nan, ba wanda kika taɓa zama kika kalla har ƙarshe ba ki ce a gyara ba sai wannan. Kuma da Ƙadangare na yi shi."