Kadon da Kaka ta saƙa mini

Ranar Asabar ɗin da aka kafe sunayen waɗanda suka ci jarrabawar shiga kolej, ina tsaye a filin lakwal ɗinmu, wato makarantar firamare, a Gure ina hura hanci kamar ni na ƙirƙiro lissafi. Shekaruna goma sha uku. Can a wutsiya sunana ya fito, amma ai wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa. Ina cikin cika wa abokaina baki sai ga Kaka Fanna, mahaifiyar babana, ta ratso rairayi da sandarta, da wani dogon abu naɗe cikin zane a hammatarta.

Ni da Kaka ba mu taɓa wuni ba mu yi faɗa ba. Tana kirana angonta, ina kiranta tsohuwar amarya mai haƙori uku. Ni nake ɗebo mata ruwa a famfo, in kai akuyoyinta bayan gari, in jiƙa mata kabar da take saƙa tabarma da ita. Ladana goriba, kuma duk wadda ta ba ni ɗaya, na riga na saci biyar. Wata rana ina tsaga mata kaba na ce, idan na ci jarrabawa sai ta ba ni kado, wato kyauta, yadda muke faɗa a lakwal. Salula nake nufi, irin ta Abba ɗan maƙwabcinmu, har na kwatanta mata da hannu. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kado? A Guren nan da ko kwaɗo sai ya jira damina? To, angona, ci tukuna, za a nemo maka."

Abin da ta warware a gaban duk ajinmu ke nan. Kada ne na kaba, wato kado irin na ruwa, tsawon kamu ɗaya, da ƙafafu huɗu, da idanu na wuri, da baki mai buɗewa don a zuba bik, wato biro, da fensir. Kaka ba ta taɓa ganin kada ba, saboda haka ya fito kamar ƙadangaren da ya haɗiye muciya. Abba ne ya fara faɗuwa ƙasa don dariya. Na rantse har jakunan kasuwa sai da suka taya shi. Mushe, malaminmu, ya juya baya yana tarin ƙarya. Kafin in rufe baki an raɗa mini suna Kado.

Ban karɓa da hannu biyu ba. Na fizge, na ce mata, "Ke dai ba ki san komai ba, kin kunyata ni." Ba ta rama ba, ita da ba a taɓa kayar da ita a baki ba. Ta naɗe zanenta, ta ce, "Allah ya yi albarka," ta juya. Da na koma gida na wurga kadon bisa rumfar akuyoyi.

Bayan kwana uku ruwa ya sauka, ta bi baffana gona wajen Kelle kamar kowace shekara. Da za ta hau amalanke ta aiko a kira angonta, na ce ina ƙwallo. Na yi niyyar in ta dawo da kaka, bayan girbi, in tare ta da tsokana, shi ke nan an shirya. Gero bai fid da kai ba zazzaɓi ya ɗauke ta, can aka binne ta.

Bayan sadakar bakwai Inna ta sauko da kadon daga rumfa, akuya ta riga ta cinye wutsiyar. Na ce, da ma Kaka ta gane abin da nake nufi. Inna ta ce, "Ta gane sarai. Har shago ta je ta ga salular. Da ta ga ba ta da halinta, sai ta ce gara ka yi mata dariya da ka ji tausayinta." Wata guda ta yi tana saƙar a ɓoye, da yatsunta masu kumburi.

Yanzu ina lise, babbar sakandare. Idan an tashi, hirar abokaina ba ta wuce me za a saya musu ba: salula, abin jin kiɗa, takalmin ƙwallo. Ni ma na samu salular, ta fashe, na samu wata. Bana ƙanena zai yi tasa jarrabawar, Inna ta tambaye ni me ya dace a ba yaro kamarsa. Na ce a ba shi ko mene ne, amma a koya masa miƙa hannu biyu.

Kadon yana cikin jakata, guntu, ido ɗaya, cike da bik. Sunan da na yi ta dambe a kansa ya bi ni har yau, kuma duk wanda ya kira, amsawa nake yi.