Zakaran Lao da Kotu Ta Manta

Ranar da Wenceslao Peguero, wanda duk unguwarmu ke kira Lao, ya shiga kotun yara, cikin kwat ɗin aro ya shiga, da zakara a hammata. Bai kai ga teburin magatakarda ba zakaran ya ga fanka tana juyawa, ya kuɓuce, ya haye kan kabad, ya yi cara, sannan ya sauke abin da ya ci a kafaɗar kwat ɗin. Kwat ɗin kuwa na surukinsa ne.

Abin da ya kai shi tsohon zance ne. Yana ɗan shekara goma sha biyar samarin layi suka ɗora tukunyar sancocho, romon nama da rogo, a bakin rafi, suka ce romon ba ya daɗi sai da kazar sata. Lao ne ƙaraminsu, shi aka tura. Ya tsallake katangar wani maƙwabci, Don Fermín, cikin rawar jiki ya bar kaji ya cafko zakaran faɗa, wanda mutumin ke yi wa wanka da tausa kamar ɗan fari. Naman ma ya ƙi nuna. Aka kai Lao gaban alƙalin yara, ya yi 'yan watanni yana sharar harabar coci, magana ta mutu. Sunan ne bai mutu ba. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya yi furfura a kan babur yana ɗaukar fasinja, har yau in ya wuce wani sai ya yi cara.

To bana gwiwa ta ce ta gaji da babur. Makarantar firamare na neman mai gadi, amma sai da takardar shaidar hali. Bienvenido, mai shagon kusurwa, shugaban masu yin caran, ya ce masa, "Lao, wa zai ba ka makullin makaranta? Laifinka na nan a rubuce. Sai ka mayar da abin da ka ɗauka za su goge." Don Fermín ya daɗe a kabari, saboda haka Lao ya ga kotu ce magajiyarsa.

Da aka kamo zakaran, magatakardar, wata yarinya mai tabarau, ta duba na'urarta ta ce, "Baba, babu komai a kanka. Shari'ar yara ce, an rufe ta tun da ka girma."

"An rufe ko an goge?"

"A wajenka duk ɗaya ne. Ba mai gani."

"To tana ina?"

"Tana inda ba a buɗewa."

Lao ya sosa ƙeya. "'Yata, in tana nan, ai tana nan. In ba ta nan, me aka rufe? Rubuta mini dai cewa satar zakaran nan an yafe ta, in kai makaranta."

"Baba, in na rubuta haka ai na tona ka da hannuna. Karɓi farar takardarka. Wanda ya tambaye ka ko an taɓa hukunta ka, ka ce a'a."

"In yi ƙarya?"

"Ba ƙarya ba ce."

"Amma na yi shara!"

"Ka yi. Ɗauki zakaranka, don Allah."

Ya fito kansa ya fi na shigarsa ɗaurewa. Shugabar makarantar kuma, Doña Milagros, ba kowa ba ce illa autar Don Fermín, wadda ta leƙo ta taga ranar da 'yan sanda suka zo da gashin zakara a leda. Da ya kai mata takardar ta karanta, ta dube shi ta saman tabarau.

"Don Wenceslao, an taɓa hukunta ka?"

Lao ya dubi takarda, ya dubi matar. "Doña, kotu ta ce in ce a'a. Ke kuma kina wurin. Ni yanzu ban san ko na saci zakaran nan ko ban sata ba. Amma na kawo wani, yana ɗaure a jikin babur."

Matar ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta na rawa don dariya. Da ta ɗago ta share ido ta ce, "Ni takarda aka ce in duba, kuma fara ce. Zakaran ka kai wa matarka." Ta miƙa masa makullai.

Da yamma ya biyo ta gaban shago yana kaɗa su da gangan. 'Yan wasan domino suka ɗaga kai. Bienvenido ya cika ƙirji ya yi cara, ya ce, "Jama'a, ku ɓoye kajinku! Ɓarawon zakara ya zama hukuma!"

Lao ya tsaya, ya gyara kwalar kwat ɗin da har yanzu ke da tabo.

"Wane zakara? Je ka tambayi alƙali. Ni yaro ne lokacin, nawa an rufe. Kai da ka cinye cinya biyu a bakin rafin nan da gashin bakinka, Bienvenido, naka a buɗe yake. Ko in raka ka gobe?"