Yadda Na Je Birmingham Wanke Tukwane

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya daga Levenshulme, ni da maigidana, yara kuma muka bar su wajen maƙwabciyarmu ta kai su school. Stockport Road shiru, sai masu shagunan kayan miya suna sauke kwalayen tumatir cikin yayyafin nan na Manchester da ba ya gajiya. Birmingham muka nufa, za a ɗauki zanen yatsuna na neman ILR, wato takardar zama ta dindindin. A Manchester ma ana yi, amma da na duba babu appointment, wato ranar da za a ba ka ka je, sai bayan makonni, ni kuwa ba ni da makonnin. Ƙa'idar ita ce, da ka tura takardar nema ba ka fita daga ƙasar sai amsa ta zo, ka fita kuwa neman ya rushe. Ga bikin autanmu ya matso a Kano, kuma tun da Allah Ya yi wa Mama rasuwa ni ce uwarsa. Idan yatsun nan ba su shiga na'ura a ranar ba, bikin sai dai in kalla ta waya.

Wajen takardu kam ba a fi ni ba, aikin akanta nake yi. Takardar albashi, ta bayanan asusun banki, wasiƙar wurin aiki, shaidar cin jarrabawar sanin ƙasa, wadda saboda ita na haddace matan wani tsohon sarkinsu fiye da yadda na san 'yan'uwan kakata. Duk fitar da na yi daga ƙasar nan cikin shekara biyar na jera ta. Ban kuma tura ba sai da lokacin nema ya buɗe, don wanda ya yi ɗoki ya tura da wuri a banza ya yi. Maigidan, wanda ya samu tasa tun bara, ya ɗaga jakar ya ce da wannan nauyin ko gada za a ba ni kwangilarta.

A babban titin M6 muka tsaya shan shayi wajen Stafford. Da ya ga farashin sai da ya sake tambaya, wai ko har da kofin za mu tafi. Na fito da cincin da dambun naman da na samo a bikin 'yar ƙawata ranar Asabar. A bikin ne wata mai lalle 'yar Maiduguri da ke Ardwick ta rangaɗa min baƙin lalle, ta rine kan yatsun ciki da baya har gaɓa. Wallahi ya yi kyau. Tun daga ranar ban taɓa ruwan wanke-wanke ba don kada ya koɗe, maigidan ke yi yana ƙunƙuni. A motar ma hoton hannuna nake ta ɗauka a kan jakar takardu.

Shiga Birmingham sai mai haƙuri. Tituna sun hau kan juna sun nannaɗe, sau biyu muna wuce mafitarmu, maigidan yana faɗa da muryar da ke nuna hanya kamar tana jin Hausa.

A ofishin wata ma'aikaciya mai fara'a ta karɓe ni. Na ɗora yatsu a gilashi, wuta ta kawo ja. Ta goge gilashin, na sake, ja. Sai ta kama hannuna ta juya, ta ce, "Ya yi kyau ƙwarai, amma na'urar ba ta ganin komai." Ta ce in dawo kafin su tashi za ta gwada sau ɗaya, in ya ƙi sai sabon appointment.

Ina shiga mota na fashe da kuka. Tsoro na ji sosai, don fuskar auta kawai nake gani. Na tura tambaya group ɗinmu na matan Manchester, shawarwari suka yi ta zubowa: lemon tsami, man goge baki, bilic, wata ma ta ce kananzir, kamar a Birmingham kwalbarsa ake sayarwa a bakin titi. Maigidan ya gyara murya ya ce, "Hajiya, abin da kike gudu tun Asabar ai shi ne maganin." Ya kira wani abokinsa a unguwar Small Heath da aka yi suna a gidansa jiya.

Muka shiga da sallama, na yi wa mai jego barka, na riƙe jaririya ko ɗumin jikinta ban gama ji ba na ce, "Don Allah ina tukwanen jiya?" Mahaifiyar mai jegon, wata dattijuwa da ta zo wankan jego daga Zariya, ta riƙe baki.

"Haba 'yar nan! Baƙuwa tun daga Manchester, ko ruwa ba ki sha ba? So kike a yi da mu a gari?"

Na nuna mata yatsuna, na yi mata bayani. Ta kalli tulin tukwanen da ke kicin, ta ce, "To ai ke Allah ne Ya aiko ki."

Jama'a, na ga ƙanzo. Tukunyar dafa-duka, ta miyar taushe, kaskon masa, farantai har kan injin wanki. Na naɗe hannun abayata ta zuwa ofis, na kama soson ƙarfe da ruwan zafi. Dattijuwar ta ja kujera ta zauna tana duba aiki, tana cewa, "Da kan yatsa, 'yar nan, ba da tafi ba." Da suka ƙare ta sa aka sauko da wankakku daga saman kabad. Daga falo kuwa ina jiyo dariyar maigidan yana cin masa. Lallen ya koɗe, amma yatsun suka yamutse, sai da dattijuwar ta shafe su da man kaɗanya ta sa na gasa su a jikin hita, tana ba ni masa a baki.

Muka koma ana shirin rufe ƙofa. Na yi bisimilla na ɗora. Kore. Kore. Ƙaramin yatsan hagu ya tsaya taurin kai, ma'aikaciyar ta danna shi da nata hannun. Da ya kawo kore har tafi ta yi min a hankali.

Bayan magariba muka iso gida, yatsuna na zogi, ina warin sabulu. Abin da tafiyar ta koya min shi ne, mai neman ILR ya shirya takardu, ya kiyaye lokaci, amma ya tuna shi ma jikinsa cikin abin da za a duba yake. 'Yan'uwa mata, in appointment ya kusa, a je biki da farin hannu.

Yau da hantsi amsa ta shigo, an ba ni. Wata da watanni in auta ya tambaye ni ko zan zo, sai in ce sai yadda ta yiwu. Na kira shi na ce, "Auta, ka gaya wa dangin amarya uwar ango tana hanya." Sai ya ce, "Yaya, wallahi na ɗauka ni kaɗai zan tsaya."