Baturen da Kakana Ya Binne a Bama

Kakana na wajen uba ya yi yaƙin Bama. A gidanmu na Jigwada ba a zama a saurari wannan labarin, abu ne kawai da kowa ya sani, kamar yadda aka san yana fama da ciwon gwiwa. Mu Mada ne, asalinmu wani ƙauye bayan Garaku. Daga can aka ɗauke shi soja yana saurayi, ko gaisuwa bai iya da Hausa ba. A bariki ya koye ta, shi ya sa har ya bar duniya Hausarsa gajera ce, kamar mai ba da oda. Da aka sallame su sai ya zauna a Keffi, ya yi gadin wata makaranta, ya yi noman doya da dawa har ƙarfinsa ya ƙare.

Lokacin da na fara koyarwa a wata sakandare, ni ke kai masa kunu da safe kafin in fita. Yana da wani kofin ƙarfe mai lanƙwasasshen hannu, ba ya shan komai sai a cikinsa. A gindin kofin an zana haruffa biyu da lambobi da tsinin wuƙa, ƙasa da su kuma wani suna da ya kusa gogewa. Tun ina ƙarama nake ganinsu. Wata Asabar ina wanke kofin na tambaye shi.

"Baba tsoho, wannan lambarka ce ta soja?"

"A'a, malama. Tawa tana kaina." Ya karanto ta da Turanci tiryan-tiryan. "Wannan ta mai tumaki ce."

"Wane mai tumaki?"

"Baturen da muka binne."

Ba a zama ɗaya ya ba ni labarin ba. Yau ya faɗi kaɗan, jibi ya ƙara, wani lokaci ya koma baya ya gyara. Ni ce na jera shi.

Hafsoshinsu kusan duk Ingilishi ne. Ana cikin daji sai aka kawo musu wani laftana dogo mai jan wuya, aka ce ɗan Ostireliya ne. Sojan ƙasa ne, da farabiti, muƙami mafi ƙanƙanta, ya fara. Ya yi yaƙi a hamadar ƙasar Larabawa, daga baya aka kai shi wani tsibiri mai duhun daji kusa da ƙasarsu ya kara da Japan. Saboda ya san halinsu a daji aka aro shi ya zo ya koya wa su kakana. Kafin yaƙi aikinsa aske gashin tumaki a gonakin mutane, da sojoji suka ji haka sai suka laƙaba masa mai tumaki, kuma yana amsawa.

Kakana ya ce abin da ya haɗa su Hausa ce, domin dukansu biyu koyo suke. Mai tumaki yana da ɗan littafi a aljihu, in ya ji kalma sai ya rubuta. Ya ce wa namiji "ke", kakana ya gyara masa, sai wani kofur Bakano ya gyara wa kakana nasa gyaran, a yi ta dariya. Mai tumaki yana zama a ƙasa ya ci shinkafa da su. Duk safiya sai ya sa kowa ya cire takalmi ya duba tsakanin yatsunsa, wanda ya bar ƙafarsa ta ruɓe ya sha faɗa. Ya koya musu kada su bi hanyar da ta yi kyau da yawa, kada kuma su amsa in an kira su da Turanci daga cikin gora, don dabarar Japan ce. Kakana bai taɓa ce mini mutumin kirki ne ba. Cewa ya yi, "Ya san aikinsa."

Wata rana da hantsi suna ƙetare wani rafi, ruwa iya cinya, aka buɗe musu wuta da mashinga daga ɗaya gaɓar. Mutum biyu suka faɗi nan take. Mai tumaki ya koma ya jawo ɗaya, a nan harsashi ya same shi a ƙasan ciki. Babu mota, babu hanya. Inda ƙaramin jirgi ke sauka ya kwashi masu rauni tafiyar kwana huɗu ce. Aka sare gora biyu, aka ɗaura bargo, aka zaɓi mutum huɗu su ɗauke shi: kakana, da kofur ɗin nan Bakano, da wani Tibi, da wani Babarbare. Wani saje Ingilishi ya raka su.

Kakana ne ke riƙe da gaba ta hagu, wajen kansa. In sun tsaya shi ke jiƙa masa leɓe da ruwa daga kofin, don an ce kada a bar shi ya sha da yawa. Rana ta biyu zazzaɓi ya rufe shi, ya yi ta magana da Turancin da ko sajen bai gane duka ba. Rana ta uku da safe ya dawo hayyacinsa, ya dubi kakana ya ce da Hausarsa, "Saura nawa?"

"Saura kaɗan," in ji kakana.

"Ƙarya," ya ce, ya ɗan yi murmushi.

Kafin rana ta take ya cika. Sai da suka yi tafiya mai ɗan nisa sannan Babarbaren da ke baya ya lura, ya ce a sauke.

Suka haƙa masa kabari a gindin wani tudu da adda da ƙaramin shebur. Ƙasar duk saiwar gora ce. Kakana ya ce sai da ramin ya kai masa ƙirji suka tsaya, saboda namun daji. Sajen ya karanta wani abu daga ɗan littafi, Musulmin biyu suka ɗaga hannu suka yi tasu addu'ar. Kakana a lokacin bai shiga coci ba tukuna, ya tsaya kawai da hularsa a hannu. Sajen ya tattara agogo da takardu da littafin aljihun. Kofin yana rataye a ɗamarar kakana, ba wanda ya tambaya.

Wasu makonni bayan ya gama ba ni labarin, na kwafi lambar gindin kofin da abin da na iya karantawa na sunan, na hau keke zuwa Sabon Gari. Akwai wani Ibo mai shagon kwamfuta da ke yi wa ɗalibanmu rajistar jarrabawa. Na faɗa masa abin da nake nema, ya dube ni ya ce bai taɓa yin irin wannan aikin ba, amma a gwada. Sau biyu wuta ta ɗauke. A karo na uku muka faɗa wani shafi na ofishin da ke ajiye tarihin sojojin Ostireliya, ya buga lambar, sai ga sunan ya fito cikakke. Sun ɗauki hoton fayil ɗinsa duka sun saka. Mai shagon ya kira matarsa daga ciki ta zo ta gani.

Na kawo takardun gida na zauna a bakin ƙofar kakana ina fassara masa. Sana'a: askin tumaki. Ba shi da aure. Wanda za a sanar in wani abu ya faru: mahaifiyarsa. An taɓa yanke masa hukunci don ya makara dawowa daga hutu. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi sau biyu. Layi na ƙarshe ya ce ya mutu sakamakon rauni, yana da shekara ashirin da bakwai.

"Ashirin da bakwai?" Kakana ya girgiza kai. "Na ɗauka ya yi arba'in."

Na miƙa masa hoton mai tumaki da aka ɗauka ranar da ya shiga soja. Idonsa ya riga ya yi yana, sai ya kai takardar wajen haske ya daɗe yana dubawa. Ya ce wannan yaro ne, wanda ya sani ramamme ne mai gemu, amma kunnuwan nasa ne.

Akwai wata takarda da ta ce kabarinsa yana wata babbar maƙabartar sojoji kusa da babban birnin ƙasar Bama, har da lambar layi. Na karanta masa. Ya ce ba haka ba ne, su a daji suka binne shi, babu gari kusa. Na yi masa bayani cewa bayan yaƙi an bi an kwaso su an tara wuri ɗaya.

"An tono shi ke nan."

"E, Baba tsoho."

Ya miƙo mini hoton. Can ya ce, "To, sun sha aiki. Mun yi zurfi."

Shi ya ce a rubuta wa uwar. Na ce ai ta daɗe da rasuwa. Ya ce to a nemi wanda ya rage. Na aika wa ofishin nan saƙo, ban sa rai ba. Bayan wata biyar amsa ta zo daga wata mata, jikar ƙanwar mai tumaki, nas ce da ta yi ritaya. Ta ce abin da danginsu suka samu saƙon telegiram ne daga gwamnati da wasiƙar wani hafsa, wadda ta ce ya mutu nan take bai ji zafi ba. Ta ce a matsayinta na nas ta daɗe tana shakka, tunda takardar soja ta ce sakamakon rauni ya mutu. Ta roƙa a tambayi tsohon, in zai iya faɗa.

Mahaifina yana wurin lokacin da na karanta. Ya ce a bar su a kan abin da suka sani, me za a ƙara musu yanzu. Ni ma ra'ayina ke nan. Kakana ya ce matar tambaya ta yi.

"Rubuta mata kwana uku ne. Rubuta ya sha wuya. Rubuta mutum huɗu ne suka ɗauke shi, ba mu ajiye shi a rana ba, kuma da ya mutu ba mu bar shi a fili ba."

Haka na rubuta, ban ƙara ba, ban rage ba. Amsarta layi uku ce. Ta gode, ta ce ta karanta wa 'ya'yanta, ta kuma nemi hoton kakana. Muka sa masa babbar riga muka ɗauke shi a tsakar gida, ya ƙi yin murmushi.

Damina ta gaba ya rasu. A wajen jana'iza fasto ya ambaci yaƙin a jimla ɗaya, ya ce marigayi ya yi soja a Indiya, ba wanda ya gyara masa. Ni da matar muka ci gaba da gaisawa duk Kirsimeti, ta turo hoton jikokinta, in tura na ɗalibaina. Bara na aika ban ji amsa ba, kuma ban san wani nata da zan tambaya ba.