Wadda Za a Kira

Shekara goma sha tara ke nan Kuramochi yana karɓar takardu a sashen masu ciwon daji na wani asibiti a birnin Sendai na ƙasar Japan, ya kuma saba duban hannu kafin fuska. Hannuwan matar da ke gabansa duk sun tsattsage, irin na masu gyaran kifi a bakin teku. Za ta kai saba'in, ta rame, amma rigarta ta sha guga.

Takardar amincewa take cikewa. Za a bincika ƙwayoyin halittar tsokar da aka yanko daga ciwonta, ko a samu maganin da ya dace da ita. Ba kowa ke dacewa ba, kuma sakamakon sai bayan mako shida.

"Mako shida?" in ji ta, tana murmushi. "Lallai likitan nan ya fi ni dogon buri."

Tana bin kowane gurbi a tsanake har layin ƙarshe: idan cutar ta gado ce, ita kuma ba ta nan, wa za a sanar? Alƙalamin ya tsaya. Kuramochi yana zaton akwai 'yar da ba a faɗa wa komai ba tukuna, shi ya sa ta zo ita kaɗai.

"Inna, ana iya barin wannan layin."

"A'a, ɗan nan, ai shi ya kawo ni."

Ta rubuta suna da lambar waya da ka, ta danna hatiminta a madadin sa hannu, ta miƙo takardar da hannu biyu.

"Sai dai kada ku kira ta da safe. Lokacin take kai yara makaranta."