Farantin Tsiren da Baba Ya Yi Mana Alkawari

Ni ne mai tsaron gida na ƙungiyar ƙwallon kwalejinmu a shekarar da babu wata kwaleji a Makka da ba ta lallasa mu ba. Don haka idan za a yi labarin wannan kaka, a bar ni in yi, domin ni na riƙa sunkuyawa ina ɗauko ƙwallo daga cikin raga. Har yau idan na haɗu da abokan wasana, kafin su tambayi iyali sai sun tambaye ni yaya ciwon baya.

Babana mai tsire ne a unguwar Tandabawi. Teburinsa na bakin lungunmu, kuma da an sallame la'asar zai hura gawayi, Larabawa da Hausawanmu su yi layi. Wannan lokacin shi ne kuma lokacin wasanmu, shi ya sa bai taɓa ganina a fili ba. Amma da aka fara gasar sai ya ce da ni, "Ranar da kuka yi nasara, ka kwaso min 'yan ƙungiyarku gaba ɗaya. Faranti guda nawa ne."

Ashe da gaske yake. Duk ranar wasa sai ya ƙara nama, ya soke, ya barbaɗe da ƙuli-ƙuli da yaji, ya rufe da ƙyalle a gefe. In na shigo lungu da takalmana a wuya, fuskata kawai zai duba. Ba ya tambaya. Sai ya yaye ƙyallen ya jera wa masu saye. Inna takan ce, "Malam, wai kai ba ka gajiya?" Ya ce mai haƙuri shi kan dafa dutse. Ta ce, "To wannan dutsen dai ya ƙi nuna."

Ba wai ba mu iya ƙwallo ba ne, dabara ce ta yi mana yawa. Fiye da rabinmu jikokin alhazan Hausawa ne da suka zauna a Makka, sai kyaftin ɗinmu, wani dogo mai taurin kai, ya kawo shawarar mu riƙa magana da Hausa a fili don kada abokan karawa su gane shirinmu. Hausar tamu kuwa ta amsa kiran kaka ce, "na'am" da "to", a tsakaninmu Larabci muke yi. Dole na koma zama kusa da Baba ina yi masa fifita ina tambaya. Shi ya koya min "bayanka!" da "riƙe shi!" da "ku ja baya!" In na faɗa da harshen Larabawa sai ya yi dariya har hayaƙi ya sarƙe shi. Ban taɓa hira da shi mai tsawo irin ta waɗannan watannin ba, kuma wallahi ina kewarta.

Abin da muka manta shi ne garin da muke ciki. Wace ƙungiya ce a Makka babu Bahaushe? Kyaftin zai ƙwala ihu, "Ba na hagu!" kafin ƙwallon ta isa, ɗan bayansu yana can yana jira, har da ce mana, "Sannunku, mun ji." Haka aka yi ta jibgar mu. Da muka gano ma ba mu daina ba. Abin ya riga ya yi mana daɗi a baki, kuma kyaftin ba ya janye magana.

Ana cikin haka aka wayi gari da jan fenti a bangon gidajen lungunmu, alamar rusau. Baba ya samo mana gida a unguwar Ka'akiyya, ya kuma ce teburin ba zai bi mu ba. Gwiwoyinsa sun gaji, masu sayen da ya sani tun suna yara za su watse. Wasa ɗaya ya rage mana. In ba mu yi nasara a wannan ba, babu sauran ranar da Baba zai cika alkawarinsa. Ban gaya wa 'yan ƙungiya ba.

Ranar na yi tsaron gidan da ban taɓa yi ba. Aka tafi hutu babu ci, aka dawo babu ci. Can sai iska ta kawo min ƙamshin da ba zan kasa ganewa ba. Na waiga, sai ga Baba a bakin wayar da ta kewaye filin da farar jallabiyarsa ta Juma'a, babban faranti a rufe a gabansa. Ya gasa tun kafin ya san sakamako! Na rufe tsorona da ihu, na yi ta ba 'yan baya umarni.

Dab da tashi abokan karawa suka sami bugun tazara. Kyaftin, Allah ya shirye shi, ya ɗaga murya, "Da ya taɓa, kowa ya fito!" Nufinsa mu bar su a satar gida. Ɗan gabansu ya ji sarai. Ya fito tare da mu, sannan ya juya da gudu shi kaɗai, ya sa wa ƙwallon kai. Na taɓa ta da yatsu, ta wuce.

Da aka tashi na zauna jikin ƙarfen raga, kunya ta hana ni duban wajen Baba. Da na ɗago sai na ga wanda ya zura min ƙwallon tsugune a gabansa yana gaishe shi. Na matsa, na ji yana cewa, "Baba, ba ka gane ni ba? Ni ne jikan mai kokon bayan masallacinku, mun tashi daga lungun a bara." Baba ya riƙe kansa ya yi ta sa masa albarka, sannan ya yaye ƙyallen.

"To, ɗan lungunmu ya yi nasara," in ji shi. "A kira kowa, da naku da nasu."

Na ce, "Haba Baba, wannan ai maguɗi ne."

Ya ce, "Kai dai zauna." Ya zaɓo tsinke mai kitse ya miƙo min, ya rage murya. "Ban san filin ba, direban tasi ma bai sani ba. Muna ta yawo sai na jiyo wani yana 'ku ja baya, ku ja baya!' Na ce masa tsaya nan, ga ɗana can yana faɗa."

Na ci tsiren ina hawaye, ban ma damu da wa yake kallona ba. Ƙungiyoyi biyu muka kewaye farantin a kan ciyawa, muka sharce shi har albasa, aka kira magariba muka yi sahu ɗaya Baba ya ja mu. Sati na zagayowa muka kwashe kaya zuwa Ka'akiyya. Wannan farantin shi ne na ƙarshe, Baba bai sake hura gawayi ba.