Hasan, Ɗan'uwana da Makaɗa Saba'in Suka Raba Ni da Shi

Kullum bayan sallar asuba, kafin masu ful, wato dafaffen wake, su gama kafa tukwanensu a bakin titin Faisal a nan Alƙahira, Hasan Abdurrahim yake saukowa daga hawa na huɗu da tsohuwar jakarsa a kafaɗa. Ni ina hawa na biyu. Yakan ƙwanƙwasa ƙofata sau biyu ya ce, "Husaina, kin tashi lafiya?" Kafin in ɗaura ɗankwali in buɗe, ya kai ƙasa. Ya kama 'yar ƙaramar bas, mikrobas, zuwa Giza, daga can ya shiga jirgin metro ya sauka Dokki. A jakar akwai fensira goma sha biyu da ya fiƙe tun jiya, da abin goge rubutu, da gam, da almakashi, da gurasa da ɗan cuku. Shekara ashirin da bakwai yana wannan zirga-zirga, sai bana ya ajiye aiki.

Wurin aikinsa ƙungiyar makaɗa ce, irin wadda ake kira okestira. Mutum saba'in ne suke zama a dandali ɗaya, masu goge ƙanana da manya, masu sarewa, masu ƙaho, masu tambura, ga shugabansu tsaye da 'yar sanda, suna ce masa mayestiro. Kowannensu da takarda a gabansa wadda aka rubuta abin da zai kaɗa, ita ce nota. Kakar wasanninsu takan fara a Satumba ta ƙare a Yuni, kusan kowace Asabar da sabon kiɗa. Hasan shi ne ma'ajin waɗannan takardu. Shi yake fito da su, ya liƙe waɗanda suka yage, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da fensir yana sa alamar inda sandar goge za ta yi sama da inda za ta yi ƙasa, don hannu talatin su tafi tare kamar na mutum guda. Idan an yi tafi yana can ɗakin ƙasa, ya fara shirya na mako mai zuwa.

Ni abokiyar tagwaicinsa ce, kuma gara in faɗi gaskiya tun yanzu: da ƙyashi nake rubuta wannan jinjina. Ɗaliban ilimin da ke unguwarmu sun ce akwai hassada, akwai kuma gibɗa, wato ka so irin alherin ɗan'uwanka ba tare da ka so ya rasa ba. Nawa dai ban san inda zan sa shi ba. Allah ya sani.

A Maiwurno aka haife mu, a bakin kogi can ƙasar Sudan. Mahaifinmu marubuci ne, yana kwafar littattafai da hannu, kuma mu biyu ya koya wa riƙe alƙalami. Duk wanda ya san mu a lokacin zai shaida rubutuna ya fi na Hasan kyau. Baba da bakinsa yakan ce, "Hannun Husaina ba ya rawa." Da muka zo Alƙahira, ni na kama keken ɗinki, shi ya samu aikin jera kujeru a wajen makaɗan. Wata rana tsohon ma'ajin takardun, Ustaz Fadl, ya gan shi yana rubuta sunayen makaɗa a jikin akwatunansu. Ya tsaya ya duba, ya ce, "Wa ya koya maka wannan?" Daga ranar ya ja shi ɗakin ƙasa. Shekara uku yana koya masa karatun nota, har Hasan ya iya jin kiɗa a kansa daga kallon takarda kawai, shi da bai taɓa riƙe goge ba. Sau nawa ina taka keke ina cewa a raina, da ni Ustaz Fadl ya gani fa?

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda suka cinye mini shi. Ranar suna, yana wajen gwajin kiɗa. Ranar Sallah, ya gaishe ni a tsaye. In na dafa abincin da yake so, sai ya huce kafin ya iso, ya zauna yana ci yana ba ni labarin mai ƙahon da haƙori ya dama, kamar ni ba ni da haƙora.

Shekara shida da suka wuce abin ya kai maƙura. Za a ɗaura auren 'yata Duaa, mahaifinta ya rasu, danginsa duk suna Sudan, Hasan ne zai tsaya a madadinsu. Ana saura kwana huɗu ya shigo mini wujiga-wujiga, wandonsa jiƙe har gwiwa.

"Husaina, ara mini dutsen gugarki."

"Dutsen guga? Kayan amarya fa nake gogewa."

"Ma'alish, ki yi haƙuri. Bututun ruwa ya fashe a ɗakin takardu. Zan dawo da shi gobe."

Bai dawo da shi ba sai bayan mako biyu. Ranar ɗaurin aure ya zo masallaci, ya yi abin da ya kamata, ya sa wa Duaa albarka, ya sha rabin kofin shayi. Da na waiwaya in nuna shi ga dangin ango, ya tafi. Mutane suna tambayata ina ɗan'uwana, ina murmushi ina cewa yana zuwa. Bayan kwana tara ya turo mini tikitin wasan rufe kaka. Na ba mai gadin gidanmu ya kunna gawayi da shi. Wata huɗu ban amsa gaisuwarsa ba. Yana ƙwanƙwasawa, ina jinsa, ina shiru.

Wadda ta ba ni labarin abin da ya faru ita ce Nada, shugabar masu goge, da ta kawo mini baƙar rigar wasanta in rage mata. Ban san Hasan ne ya kwatanta mata shagona ba sai daga baya. Su makaɗan Ammu Hasan suke ce masa, wato Baffa Hasan. Ina auna ta ta ce, "Ya Hajja, ke ce 'yar'uwar Ammu Hasan? Kin san abin da ya yi mana kuwa?"

Na ce, "Na san abin da ya yi mini."

Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ce kiɗan da za su rufe kaka da shi na wani mawallafi ne ɗan ƙasar da ya daɗe da rasuwa, kwafi ɗaya tak ya bari da rubutun hannunsa. Matarsa, tsohuwa mai shekara tamanin, ita ta kawo takardun da kanta a cikin mayafi, ta damƙa wa Hasan. Ruwan ya narkar da tawadar shafi arba'in. Mayestiro ya ce khalas, shi ke nan, a soke, a ba tsohuwar haƙuri. Hasan ya ce a ba shi kwana tara. Shafukan da suka jiƙe kawai ya sa su tsakanin ƙyalle ya busar da dutsen gugata. Waɗanda suka narke ya sake rubuta su daga babban littafin mayestiro, wanda ya haɗa layin kowane makaɗi. Shafi uku sun lalace har a babban littafin, sai ya nemo wani tsohon kaset a wajen tsohuwar, ya yi ta saurara yana rubutawa, mayestiro yana dubawa.

"Bayan wasan," in ji Nada, "tsohuwar ta ce a kawo mata takardun. Ta juya, ta juya, ba ta gane inda hannun mijinta ya tsaya ba. Da ya yi shiru, da har abada ba ta sani ba. Sai ya ware shafukan nasa ya ce, 'Madam, waɗannan ni na rubuta. Ruwa ya ci na mijinki a hannuna. Ki yafe mini.' Ta kama hannunsa ta yi ta kuka. Sunansa ko a takardar shirin bai fito ba."

Na ci gaba da cusa allura. Ita kuwa ba ta gama ba. Ta ce shekararta ta farko, tsoro ya kusa sa ta gudu, don akwai wani wuri mai sauri a kiɗan da juya shafi yake faɗowa a tsakiyarsa. Ba ta gaya wa kowa ba. Ranar wasa ta buɗe takardarta ta tarar an sake rubuta shafin gaba ɗaya, juyin ya koma inda take hutawa, a gefe kuma da fensir an rubuta: Bismillah, ja numfashi.

Kun san abin da na ji? Ba alfahari ba, wannan daga baya ya zo. Cewa na yi a raina, ni da muka kwanta ciki ɗaya, bai taɓa rubuta mini ko layi guda ba. Duk da haka washegari da ya ƙwanƙwasa, na amsa.

Hasan, kai ne gishiri, ba a ganinka a miya, sai ran da babu kai a san da zamanka. Kai ne ka riƙe amanar mamaci kamar yana tsaye a kanka. Na yi fushi da kai a kan rabin kofin shayi, kuma har yau ban ce ba ni da gaskiya ba. Amma na yarda kai ma kana da taka.

Bara da kaka ta fara, na ga ya zo zuba shayi ya zuba a gefen kofi. Da ya sake, na sa Duaa ta kai shi wajen likita. Aka ce jijiyar idon ce take mutuwa a hankali, magani zai rage gudunta amma ba zai dawo da abin da ya tafi ba. Bai ɓoye wa shugabanninsa ba, a ranar ya gaya musu. Suka ce ya ƙarasa kakar in zai iya. Sai ga shi a shagona da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba.

"Husaina, ki ara mini idonki zuwa Yuni."

Na ce, "Makaɗanka saba'in, ido ɗari da arba'in. Su ara maka mana."

Ya ce, "Suna da ido. Hannun Baba ne ba su da shi."

Kwana uku ina jan aji. A na huɗu na rufe shago da azahar na bi shi Dokki. Ɗakin ƙasan nan da na tsana shekara da shekaru ban taɓa ganinsa ba, ashe ɗan ƙarami ne, da fanka ɗaya da kabad har rufi. Hasan ya san inda kowace takarda take da lalube. Ya nuna mini alamomin: wannan sama, wannan ƙasa, wannan a sassauta. Nada takan sa su a tata takardar, ni in kwafe a sauran. Yana zaune kusa da ni yana rera layin a hankali, in na yi kuskure ya ji tun daga yadda na karanta masa. Ta cikin rufi muna jin gwajin. Ranar farko da na ji masu goge sun bi alamar da na sa da hannuna, gaba ɗayansu suka juya tare, tsigar jikina ta tashi. Sai ƙyashin ya dawo sabo fil. Ashe irin daɗin da yake sha ke nan, shi kaɗai, duk shekarun nan da nake rage wa mutane wando.

Asabar ta ƙarshe a Yuni, da hantsi, ana gwajin ƙarshe, mayestiro ya ajiye sandarsa ya ce a kira Ammu Hasan. Na riƙo shi muka hau. Yana fitowa masu goge suka fara buga sandunansu a kan abin ɗora takarda, sauran suna buga ƙafa a katako. Haka suke yi wa nasu tafi. Mai tambura, ƙato da shi, yana share hawaye. Mayestiro ya ce ya yi aiki a ƙasashe da yawa, bai taɓa buɗe takardar da Hasan ya shirya ya tarar da kuskure ba, har a bana.

Hasan ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Na bana ba hannuna ba ne. Na Husaina ne. Tun muna yara ta fi ni."

Suka sake bugawa. Nasa ya fi nawa tsawo, na lura. Amma shekara hamsin nake jiran wannan magana daga bakinsa, kuma a gaban mutum saba'in ya faɗe ta.

Makon jiya Nada ta kira. Sun ɗauki sabuwar ma'ajiya, amma suna so in riƙa zuwa kwana biyu a mako daga Satumba, saboda alamomin. Na hau sama na gaya masa. Ya ce, "Tamam, ya yi kyau. Allah ya sa albarka." Sannan ya juya fuska wajen taga. Na gane wannan fuskar sarai, don tawa ce. Na ce, "Yalla, taso, ai da kai za mu riƙa zuwa. Wa zai rera mini?" Sai ya tambaye ni ko na san inda ake samun fensir mai laushi a Faisal.

Na gode, Hasan. Na gode a madadin tsohuwar da ka faɗa wa gaskiya, da Nada da ka hana gudu, da dubban mutanen da suka yi tafi ba su san sunanka ba. Allah ya saka maka, ya bar maka sauran hasken da ya rage. Ku kuma 'yan'uwa, 'yan Faisal da Ma'adi da duk inda neman abinci ko karatu ya jefa ku, ku riƙe aikinku yadda ya riƙe nasa, ko da a ɗakin ƙasa aka ajiye ku. In kuma kuna da irin Hasan a gida, kada ku yi irin tawa. Ku yaba masa tun yana iya ganin fuskarku.

Wannan rubutu ba zai iya karanta shi ba. Ni zan karanta masa bayan la'asar, kuma na yi alkawari ba zan tsallake ko layi ɗaya ba, har wuraren da nake jin kunya.